Tambaya da Amsa: Shukar da bazara ba ta kashewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Katsina. Sau uku ina sayen fulawa wurin masu sayarwa a bakin titi, kowacce ba ta wuce wata biyu sai ta bushe. Ruwa a hannun 'yan garuwa muke saye, ga yara ƙanana biyu. Me zan dasa a tsakar gida wanda zai jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ga laifin hannunki. Da yawa daga fulawoyin bakin titi a inuwa aka raine su, ana ba su ruwa safe da yamma. Ranar da suka shigo tsakar gida mai siminti, zafin Afrilu ya haura digiri 40, ina za su kai? Mu da muke yin wata bakwai ko fiye babu ɗigon ruwan sama, shukar da ta saba da ƙishi ita ce tamu.

Ni dai da lalle nake fara ba kowa shawara. A gidan kakata akwai guda ɗaya a bayan madafi, ban taɓa ganin an ɗauki bokiti dominsa ba, ruwan alwala kawai ke gangarawa gindinsa. Amma in ya yi huda, bayan magariba ƙamshinsa har zaure. Ki samu reshe mai kaurin ɗan yatsa, ki kafa shi a jikin katanga, ki riƙa aske kansa don ya yi duhu. Ga ado, ga ƙunshin sallah a ƙofar ɗaki.

Sai moda, mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, wadda kakanninmu ke murza zarenta su yi tsirkiyar baka. Ita ce ta baranda da wurin da rana ba ta isa sosai. Ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta, kuma da kanta take fitar da 'ya'ya a gindi, ki raba ki ba maƙwabta. Alobera ma haka take, sai dai ta fi son haske.

In kuma launi kike so wanda mai wucewa zai waiwaya, to bogenbiliya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. Abin da ake gani ja ko ruwan hoda ba shi ne furen ba, ganye ne mai launi, furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. In aka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta kore babu launi. Tana da ƙaya, don haka ki ɗora ta bisa katanga, nesa da wurin wasan yara.

Kariya, ƙaramar itaciyar nan mai kumburarren gindi, ita ce ta fi kwanta mini a rai. Tsakiyar rani, lokacin da ta kaɗe ganyenta, sai ki ga fure ya rufe ta. Amma ruwanta dafi ne, har dafin kibiya an yi da shi. Tunda kina da ƙanana, ki haƙura da ita tukuna, ko ki ajiye ta inda hannunsu ba zai kai ba. Ta farkon da na mallaka ni na kashe ta da tausayi: kullum sai na zuba mata ruwa, ranar da na danna gindinta na ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Har yau abin na damuna.

Shi ya sa nake roƙonki ki kula da tukunya. A huda ƙasanta, a haɗa yashi kashi 2, ƙasa kashi 1, tsohon takin awaki da ya huce kashi 1. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kafin ki ba da ruwa, tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi ki bari sai gobe. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk sun yi, ban da mai omo.

Kada ki dasa komai yanzu cikin bazara. Ki jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ruwan sama ya raina miki su wata uku kafin hunturu ya shigo.