Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Rufe Ƙofa Ga Nama Idan Cutar Baki Da Kofato Ta Ɓulla A Wata Ƙasa?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa a shekarar 2025 an sami cutar baki da kofato a wata gona guda ɗaya tak a Jamus, amma nan take ƙasashe da dama suka hana shigar da dabbobi da nama da madara daga ƙasar. Shin cutar tana kashe mutane ne, ko kuwa siyasar kasuwanci ce kawai aka fake da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, cutar ba ta kashe mutane, kuma da wuya ƙwarai ta kama ɗan Adam. A Birtaniya, rabon da a tabbatar ta kama wani mutum tun shekarar 1966. Kada kuma a haɗa ta da cutar nan ta ƙananan yara mai fitar da ƙuraje a hannu da ƙafa da baki, domin sunansu ne kawai ya yi kama, ƙwayoyin da ke haddasa su ba ɗaya ba ne. Abin da ƙasashe ke karewa idan sun rufe ƙofa shi ne garkunansu da kuma kasuwar da suke sayar da nama a cikinta.

Cutar tana kama dabbobi masu rababben kofato, wato shanu da tumaki da awaki da aladu da ɓauna da barewa, ba ta taɓa doki ko jaki. Wanda ya taɓa ganin saniya a cikinta ba zai manta ba: zazzaɓi yakan fara rufe ta, sai bororo ya fito mata a harshe da dasashi da tsakanin kofato da kan nono, ya fashe ya zama gyambo, ta tsaya wuri ɗaya tana dalalar da yawu kamar igiya, ga ciyawa a gabanta amma ba halin ci, idan ta taka kuma sai ɗingishi. Manyan dabbobi galibi suna warkewa cikin makonni, amma nono yakan ƙafe, mai ciki takan yi ɓari, maruƙa da 'yan raguna kuwa sukan faɗi matattu saboda ƙwayar tana taɓa musu zuciya. Babbar matsalarta ita ce saurin yaɗuwa. Tana bin numfashi da yawu da madara, tana maƙalewa a takalmi da tayar mota da igiyar ɗaure dabba, har iska takan ɗauke ta. A shekarar 1981 an danganta ɓullarta a tsibirin Wight na kudancin Ingila da iskar da ta ɗauko ta daga arewacin Faransa ta tsallako da ita teku. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14, ke nan dabba tana iya ratsa kasuwa biyu ko uku kafin kowa ya ga wani abu a jikinta.

Abin da ya faru a Jamus shi ne, a ranar 10 ga Janairun 2025 aka tabbatar da cutar a wani ƙaramin garken ɓauna irin ta gida a jihar Brandenburg, daf da birnin Balin, bayan ƙasar ta shafe tun 1988 ba ta gan ta ba. An kashe sauran garken da dabbobin da ke kewaye, an rufe gidajen namun daji na Balin na ɗan lokaci, sannan babban baje kolin noma da ake yi a birnin a watan Janairu ya gudana babu shanu babu tumaki. Koriya ta Kudu ta dakatar da sayen naman alade daga Jamus, Birtaniya ma ta hana shigar da shanu da tumaki da aladu da ɗanyen namansu. A farkon Maris cutar ta bayyana a wata gonar shanun madara a Hungari, wadda rabonta da ita tun 1973, kafin watan ya ƙare kuma ta shiga Silobakiya, har Ostiriya ta rufe wasu ƙananan mashigan kan iyakarta.

Dalilin da ya sa gona ɗaya take jawo wa ƙasa baki ɗaya wannan hukunci yana ga Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedikwata a Paris, wadda ke riƙe da jerin ƙasashen da aka amince ba su da cutar. Da zarar an tabbatar da ita ko da a dabba ɗaya ce, ana dakatar da wannan matsayi, kuma takardun lafiyar da ke rakiyar naman ƙasar zuwa waje sun zama ba su da amfani, tunda a cikinsu an rubuta cewa ƙasar ba ta da cutar. Ƙa'idar ita ce a jira wata 3 bayan kashe dabba ta ƙarshe da ta kamu, tare da bincike, kafin a dawo da matsayin, shi ya sa Jamus ba ta sake samunsa a duk faɗin ƙasarta ba sai tsakiyar Afrilun 2025.

Wanda yake ganin an wuce gona da iri ya tuna abin da ya sami Birtaniya a 2001. An fara gano cutar a watan Fabrairu a wata mayanka da ke Essex, aka bi sawu har wata gonar aladu a arewacin Ingila inda ake ciyar da su ragowar abincin gidajen cin abinci ba tare da an dafa shi yadda doka ta ce ba. Kafin a farga, tumakin da suka ɗauki ƙwayar sun bi kasuwanni sun watsu a ƙasar. An tabbatar da cutar a gonaki kimanin 2,000, an kashe dabbobi sama da miliyan 6, an yi ta ƙona gawarwakinsu a fili hayaƙi yana turnuƙe ƙauyuka, an ɗage babban zaɓen ƙasar daga Mayu zuwa Yuni, asarar kuma ta kai wajen fam biliyan 8. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Game da siyasa kuwa, ba za a ce babu ita ba. A cikin Tarayyar Turai an killace yankin da cutar ta ɓulla ne kawai, sauran sassan Jamus suka ci gaba da sayar wa maƙwabtansu nama, alhali wasu ƙasashen waje sun rufe wa ƙasar baki ɗaya, kuma ba kowacce ce ta yi gaggawar buɗewa ba bayan ƙura ta lafa. A ganina rufewar farko tana da hujja mai ƙarfi, domin a kwanakin farko babu wanda ya san iyakar inda ƙwayar ta kai. Jan ƙafa wajen buɗewa bayan an tabbatar da iyakarta shi ne inda son kare manoman gida yakan shigo.

Tambaya: Zan je Ingila wankan jegon 'yata, kuma na saba tafi mata da kilishi da dambun nama da man shanu. An ce mini yanzu ana ƙwacewa saboda cutar shanu. Ai kilishi busasshe ne, an kuma gasa shi, ina cuta za ta zauna a cikinsa? Daga wata Hajiya a Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma kai ki lafiya. Shawarata ita ce ki bar kilishin da dambun da man shanun a gida. Haramcin shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Nijeriya da Nijar ya daɗe, bai jira annobar Turai ba. Abin da ya ƙaru tun daga 12 ga Afrilun 2025 shi ne an faɗaɗa shi ya haɗa da matafiya daga ƙasashen Tarayyar Turai, ta yadda ko cuku ko burodi mai yankan nama a ciki ba a yarda mutum ya shiga da shi ba, kuma tarar tana iya kaiwa fam 5,000 a Ingila.

Tambayarki ta bushewa tana da kyau, kuma amsarta ita ce shanya da gishiri ba lallai su kashe wannan ƙwaya ba, sanyin firiza ma adana ta yake yi. Abin da ke kashe ta shi ne zafi ya ratsa tsakiyar naman har digiri 70 na tsawon minti 30, ko kuma tsamin da tsoka ke yi da kanta idan aka rataye nama a ɗaki mai sanyi bayan yanka. Wannan tsami ba ya shiga ɓargo da kaluluwa, can ƙwayar take ɓuya har tsawon watanni. Bayan annobar 1967, wadda aka danganta da naman rago da aka shigo da shi daga Ajantina, Birtaniya ta koma karɓar naman shanu daga irin waɗannan ƙasashe sai wanda aka cire wa ƙashi. To kilishi ana shanya shi ne a rana, a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. Mai yiwuwa wani ya gasu sosai, amma jami'in kwastan da ke tsaye a filin jirgi ba shi da hanyar sanin wanda ya gasu da wanda bai gasu ba, don haka dokar ta haɗa su duka.

Za ki ce ai 'yarki ce za ta ci, ba saniya ba. Gaskiya ne, sai dai abin da ake tsoro shi ne guntun da zai faɗa kwandon shara ya ƙare a bakin alade, domin alade yana kamuwa ta hanyar ci, kuma idan ya kamu yana fitar da ƙwayar a numfashinsa fiye da kowace dabba. Ostireliya tana cikin ƙasashen da suka fi tsanani a nan: lokacin da cutar ta ɓarke a Indunisiya a 2022, an shimfiɗa tabarmi masu magani a filayen jiragen Ostireliya domin matafiya su taka, kuma an ci wani matafiyi da ya taso daga tsibirin Bali na Indunisiya tarar fiye da dalar Ostireliya 2,600 saboda abincin karin kumallo mai nama da ya zo da shi bai bayyana ba. Idan wani ya cusa miki saƙo a akwati, ki bincika da kanki kafin ki rufe, kuma idan kin isa kin ga akwai nama a ciki, ki faɗa wa jami'an da bakinki, tunda wanda ya bayyana yawanci ƙwacewa kawai ake yi.

Tambaya: Ni dillalin shanu ne, kuma wannan cuta da Fulani ke kira boru kusan duk shekara muna ganinta. Me ya sa ba a taɓa rufe iyaka ko kashe garke saboda ita a nan ba? Daga wani mai karatu a Maigatari.

Amsa: Alhaji, saboda halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Rufe ƙofa yana amfanar wanda cutar ba ta cikin gidansa, mu kuwa a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru zaunanniya ce. Nau'o'inta 7 ne a duniya, kuma an tabbatar da 4 daga cikinsu a Nijeriya, wato O da A da SAT 1 da SAT 2. Saniyar da ta warke daga nau'i ɗaya ba ta da kariya daga wani, wannan ne ya sa garke yakan sha ta bana ya sake sha baɗi, haka kuma allurar rigakafi ba ta aiki sai ta dace da nau'in da ke yawo, ga shi ƙarfinta yana raguwa bayan kamar wata 6, tana kuma buƙatar sanyi tun daga inda aka haɗa ta har ruga. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura, amma shanun da ke samun allurar kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan garkunan ƙasar.

Kai ka fi ni sanin yadda dabbobi ke kwararowa ta Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Mubi, su kwana a kara ɗaya, su sha ruwa a kwami ɗaya, washegari a loda su a tirela zuwa Legas. Idan aka rufe waɗannan mashigai, labi da daji suna nan, naman ne kawai zai yi tsada. Kashe garke kuma sai gwamnatin da za ta biya diyya nan take, in ba haka ba makiyayi zai ɓoye dabbarsa ya yi gaba da ita cikin dare, cutar ta ƙara nisa.

Amma kada a ɗauka ba mu biyan kuɗin wannan zama da muke yi da ita. Muna biya a nonon da ke ƙafewa, da maruƙan da ke mutuwa, da shanun huɗa da ke gurgucewa daidai faɗuwar damina, sannan muna biya a kasuwannin da ba za mu iya shiga ba. Botsuwana da Namibiya, waɗanda shanunsu ba su wuce kaso kaɗan na namu ba, suna sayar wa Turai nama, domin sun ja shingen waya sun ware yankunan da babu cutar, kuma suna da shaidar inda kowace saniya ta fito. Ko su ma, da zarar ta ɓulla a yanki, a ranar ake dakatar da fitar da namansa. Duk maganar da ake yi ta fitar da naman Nijeriya waje tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024, sai ta bi ta wannan ƙofa.

A naka ɓangaren, abin da ke hannunka shi ne ka duba baki da kofato kafin ka ƙulla ciniki, ka ware sabuwar dabba daga garke na tsawon mako 2, kada ka kai mai dalala kara da niyyar rabuwa da ita kafin a gane, kuma ka sa a wanke motar da ta ɗauko dabbobi kafin a sake lodi. Idan ta riga ta shiga garke, a sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a raba maruƙa da iyayen da suka kamu, a kuma tafasa nonon kafin a ba su.