Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Genevieve Nnaji ta koma bayan kyamara

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ina son tarihin Genevieve Nnaji a taƙaice, naji ance yanzu darakta ce kuma wai an kori fim ɗinta daga gasar Oscar, da gaske ne? Kuma wai akwai 'yan Kannywood a ciki?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Eh da gaske ne amma bari mu ɗauko daga tushe. An haife ta 1979, 'yar Mbaise ce a jihar Imo amma a Legas ta tashi, kuma tun tana shekara 8 ta fara fitowa a wani wasan talabijin mai suna Ripples. A 2004 manyan 'yan kasuwar fim suka dakatar da ita da wasu manyan jarumai wai kuɗin da suke caji yayi yawa, duk sunanta fa da farin jininta haka aka ajiye ta gefe, don a lokacin mai zuba kuɗi shi ke da fim, jaruma a biya ta ta kama gabanta. Ni a ganina duk macen da ta ɗanɗana wannan dole wata rana ta so ace kayan nata ne. A 2005 ita ta fara lashe kyautar gwarzuwar jaruma ta AMAA, wato gasar karrama finafinan Afirka, a 2015 ta zama furodusa da Road to Yesterday, sai 2018 ta ba da umarni karon farko a Lionheart, kuma ita ce jarumar.

Labarin wata mace ce a Enugu, babanta mai kamfanin motocin safa ya kwanta ciwo ga bashi ya yi musu katutu, maimakon a damƙa mata ragama sai aka kawo ƙanin baban aka ɗora mata, ƙarshe da wani Alhaji ɗan Kano suka haɗa jari. Alhajin nan Sani Mu'azu ne, ɗansa kuma Yakubu Muhammad, to kinga 'yan gida sun shiga. Abin da ya fi burge ni wallahi bata nuna Bahaushe a maigadi ko mai shayi ba kamar yadda aka saba mana a finafinan kudu, attajiri ta nuna mai mutunci da sanin ya kamata. Pete Edochie da ya fito a babanta ma a garinku Zariya ya yi makaranta.

An haska shi a bikin finafinai na Toronto, Netflix suka saya. Najeriya ta tura shi Oscar, karon farko kenan da muka taɓa turawa, sai a Nuwamban 2019 aka cire shi saboda rukunin na finafinan da yawancin maganarsu ba Turanci bane, shi kuma yaren Ibo ɗin da ke ciki bai wuce 'yan mintuna ba. Naji mata zafi sosai, amma gaskiya ƙa'idar tana nan tun kafin a tura, kwamitinmu ya kamata ya duba.

Tambaya: Hajiya to bayan nan mun sake turawa kuwa?
Daga wani mai ɗinki, Maraɗi

Amsa: An sake malam, shekarar da ta biyo baya aka tura The Milkmaid, yawancinsa da Hausa akayi kuma Maryam Booth na ciki. Shi ba a cire shi ba, sai dai bai kai zagayen ƙarshe ba.