Rediyon mota na kunne amma sauti ya ɗauke: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry 'yar Kwatano, na cire rediyonta na asali na sa mai allo irin na Android. Shekaranjiya ina kan hanyar Kano sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya. Allon yana aiki, har ina ganin mintunan karatun da nake saurare suna tafiya, amma ba na jin komai. Mai gyara ya ce sai dai in sayi sabo. Haka ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fitar da kuɗinka tukuna. Tunda allo na haske, wuta tana isa rediyon, matsalar tana hanyar sauti ne, daga cikinsa zuwa sifikoki, kuma a wannan tsakanin akwai abubuwa masu arha da yawa da ya kamata a duba kafin a yanke wa rediyo hukunci.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Duba ko an taɓa maɓallin kashe murya, sannan ka koma tashar FM ka ji. Idan FM na magana, matsalar daga wayar hannu ce ko filashi. Idan shiru ne ko'ina, nemi ɗan ƙaramin rami a fuskar rediyon da aka rubuta RST kusa da shi, ka danna da tsinke. Waɗannan na Android ɗin sukan daskare kamar wayar hannu, su dawo da an sake tayar da su.

In hakan bai yi ba, ka tuna cewa da wuya sifika huɗu su mutu a lokaci guda. Idan duk sun yi shiru tare, abin da ya haɗa su ne ya tsaya, wato amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. A nan ne nake so ka duba motarka da kyau. Idan ka ga tambarin JBL a murfin sifika ko a tsohon rediyon da ka cire, motarka na da amfilifaya daban da kamfani ya ɓoye a jikinta. Ba ya tashi da kansa, sai rediyo ya aika masa da wuta bolt 12 ta wata siririyar waya, galibi shuɗiya mai ratsin fari. Masu sa rediyo da yawa murɗa wannan wayar kawai suke yi da hannu su naɗe da salatif, ba sa yi mata dalma. Zafi ya saki salatif, ramukan hanya su jijjiga mahaɗin, sai ta zare. Allo na ci gaba da aikinsa, amfilifaya kuwa yana barci. Yana kuma da fis nasa daban da na rediyo, a duba shi. Idan amfilifayan a ƙarƙashin kujera yake, a taɓa kafet a ji ko da lema, domin ruwan wankin mota da na damina suna kashe shi sosai.

Idan motarka ba ta da wannan, amfilifayan yana cikin rediyon ne, wani ƙaramin guntu irin su TDA7388 ko TDA7850. An ƙera shi ya kashe kansa da zarar wayar sifika ɗaya ta kware ta taɓa ƙarfen mota ko ta haɗu da 'yar'uwarta, don kada ya ƙone. Waya ɗaya tak tana iya sa duka huɗun su yi shiru. Wurin da aka fi samun haka shi ne cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, musamman ƙofar direba, saboda ita aka fi buɗewa da rufewa.

Ga gwajin da za ka ce a yi a gabanka. A zaro rediyon, a cire wayoyin sifikoki duka, a jona sifika ɗaya mai lafiya kai tsaye. Idan ta yi magana, rediyonka lafiya lau yake. Sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya: farare na gaba hagu, ruwan toka na gaba dama, korayen na baya hagu, masu launin shunayya na baya dama. Wadda aka jona sauti ya sake ɗaukewa, ita ce mai laifin. Mai gyaran da ke da mitar awon wuta zai ga kusan om 4 (om shi ne ma'aunin yadda layi ke tare wuta) a layi mai kyau, kusa da sifili kuma a layin da ya haɗe. Ko da guntun ne ya ƙone, masu gyaran rediyo na iya canja shi da kuɗi kaɗan. Amma a gyara wayar tukuna, in ba haka ba sabon rediyon ma haka zai yi, kuma wannan asarar ce take ba ni takaici idan na ga an jawo wa mutane ita.

Tambaya: Ni direban haya ne. Nawa yana aiki da safe, amma da rana bayan kamar rabin awa sai ya ɗauke, in ya huce ya dawo. Daga Sakkwato.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Wannan zafi ne, kuma ina zargin an ƙara maka sifikoki a baya don fasinja. Idan aka jona sifika biyu masu om 4 a layi ɗaya, kowacce kai tsaye a kan wayoyinsa biyu, nauyin yana komawa om 2, rediyo ya riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa, ga kuma ranar Sakkwato tana dukan dashbod. A rage su, ko a sa musu amfilifaya nasu. A kuma ƙara ɗaure baƙar wayar da ke manne a ƙarfen mota, a kankare fenti da tsatsa a wurin. Sannan a auna batir injin na aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Tambaya: Ina jin kira ta Bluetooth a mota, amma wa'azin da na kunna a waya ba ya fita. Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, motarki ba ta da laifi. Shiga saitin Bluetooth na wayarki, ki taɓa sunan motar, za ki ga an kunna na kira an bar na sauti a kashe. Kunna shi. In ya ƙi, goge sunan motar ki sake haɗa su.

Tambaya: Fis ɗin rediyona yana ta ƙonewa, sai wani ya sa mini waya a madadinsa, yanzu yana aiki. Akwai matsala? Daga Bauchi.

Amsa: Akwai babba, Malam, kuma don Allah ka cire ta yau. Fis da ke ƙonewa a kai a kai yana nuna wata waya ta haɗe a wani wuri. Shi ne aka sa ya tsinke kafin wayoyin bayan dashbod su yi zafi su kama da wuta, kuma wayar da aka sa maka ba za ta tsinke ba. Haka ma takardar kwalin sigari mai ƙyalli da wasu ke cusawa. Sayi fis mai lamba daidai da wanda ya ƙone, ja mai lamba 10 ko shuɗi mai lamba 15, yadda aka rubuta a murfin akwatin fis ɗin, kada a sa wanda ya fi shi. Idan sabon ya sake ƙonewa, bar gurbin babu komai, ka kai motar wurin mai gyaran wayoyin mota ya bi layin da mita har ya gano inda ya haɗe.