Tambayi Anti: ƙanƙara ta sauko, an ɗauke wuta, me ya kamata a saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa na nan Amurka da Kanada. Tunda sanyi ya kama saƙonnin da ke shigo min duk kusan maganarsu ɗaya ce, wuta da ɗumi, toh bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wata ƙanwata daga Houston ta rubuto: "Anti wannan ne sanyina na farko a ƙasar nan, ga jaririya 'yar wata huɗu, maigidan kuma direban babbar mota ne sai ya yi sati baya gida. Maƙwabta sai ba ni labarin 2021 suke yi, wallahi ko barci bana iyawa. Me zan tanada?"

Ƙanwata sannu, kwantar da hankalinki, tsoron nan naki ba laifi bane, shi ya sa ma kika tambaya tun kafin abu ya faru. Abin da maƙwabtanki ke faɗa gaskiya ne, a watan Fabrairun 2021 gidaje sama da miliyan 4 suka zauna ba wuta a Texas, wasu har kwana uku huɗu, famfuna suka daskare suka fashe. Amma tanadin da kike buƙata bai kai tsadar da kike zato ba. Ruwa ne farko, galan ɗaya ga kowane mutum a rana, na kwana uku aƙalla, kuma da kin ji an sanar da guguwa ki cika bahon wanka saboda banɗaki da alwala. Sai tocila guda biyu da batir, fawa bank mai kyau a cike, abincin da baya son girki kamar burodi, dabino, man gyaɗa, kifin gwangwani, garin kwaki in kina da shi. In jaririyar na shan madara ki ajiye irin haɗaɗɗiyar nan ta ruwa. Idan wutar ta tafi ku tattara a ɗaki ɗaya ƙarami, ki toshe ƙasan ƙofa da tawul, ki saki labule. Ita yarinyar ki saka mata kaya hawa-hawa da safa, ki riƙa rungumarta a jikinki, amma kar ki lulluɓe mata fuska da bargo in tana barci. In kika ji jikinta ya yi sanyi, fatar ta yi ja, ta yi laƙwas bata da kuzari, 911 kawai, kar ki tsaya neman shawara a waya. Kuma tun yau ki kira 211 ki tambayi wuraren ɗumama jiki da gwamnatin gari ke buɗewa kusa da ke, ki kuma yi magana da wata 'yar uwa a masallacinku wadda za ki iya kwana gidanta. Ba abin kunya bane.

Wani malam daga Dallas: "Na sayi janareta. Ina tsoron ɓarayi da ƙanƙara, in na sa shi a gareji na ɗaga ƙofa kaɗan ai ba matsala ko? Kuma akwai gawayin gashi, in sanyi ya yi yawa zan iya shigo da shi falo kamar yadda muke yi da kasko a gida."

Malam, a'a. A'a har sau biyu. Kuma ka yi min haƙuri zan tsaya a kanka don wannan magana ita ce ke hana ni sukuni duk shekara. Hayaƙin da kake gani yana tashi ba shi ne matsalar ba, akwai wata iska a cikinsa da ake kira kabon monoksaid, bata da launi bata da wari, ba za ta sa ka tari ba balle ka farga. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau sama da 200, sai mutum ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ce ai mura ce bari in ɗan kwanta, kwanciyar da ba a tashi kenan. Wanda yake barci kuwa ko wannan alamar ba zai ji ba. A guguwar 2021 ɗin nan hukumar lafiya ta Texas ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda ba sanyin ne ya kashe su ba, neman ɗumi ne, wani ya kunna mota a gareji don yara su ji ɗumi a yi cajin waya, wani ya shigo da abin gashin nama cikin ɗaki, wani janareta a bakin taga. Mutane sama da 1,000 aka kai asibiti a kan wannan iska kaɗai a 'yan kwanakin.

Kana cewa kamar yadda muke yi a gida. Toh a gidan ma ai ana mutuwa, sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya a ɗaki saboda janareta a baranda ko kaskon gawayi lokacin hunturu? Kuma can ɗakunanmu iska na shiga ta ƙasan ƙofa da saman rufi, gidajen nan kuwa an gina su ne a toshe ruf don kar zafi ya fita, abin da ya shiga ya zauna kenan. Garejinka manne yake da gidan, ɗaga ƙofa kaɗan ko duka ma baya fitar da iskar, ta bango da ƙofar kicin za ta bi ta iske yaranka. Janareta waje ake ajiye shi, ƙafa 20 daga gida, wajen mita 6 kenan, salansar ta juya baya ga tagogi. Ɓarawo kake tsoro? Sarƙa da kwaɗo nawa suke? Ƙanƙara kake tsoro? Akwai rumfar da ake sayarwa don haka, mai buɗaɗɗen gefe. Kuma dan Allah kar wani ya ce maka ka haɗa waya daga janareta ka cusa a soket ɗin bango, wutar komawa take kan layi ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara, in gidan kake son ba wuta ka kira mai lasisi ya saka maka canji-oba. Haka oben ɗin gas, ba a buɗe shi don ɗumama ɗaki. Haka risho da murhun zango.

Abin da ke ƙona min rai shine na'urar da ke ihu in iskar nan ta taru bata wuce dala 20 zuwa 40 ba a Walmart ko Home Depot ko Canadian Tire, amma sai ka shiga gida ka ga talabijin ta cika bango, waya sabuwa fil a hannun kowa, ka tambayi na'urar a ce ai akwai ta hayaƙi. Ba ɗaya bane, sai in an rubuta a jiki cewa biyun take yi. Ku sayi mai batir tunda lokacin da babu wuta ake buƙatarta, ɗaya kusa da ɗakunan kwana a kowane hawa, ku duba alamar UL ko CSA, wato tambarin hukumomin da ke gwada ingancin kaya, ku juya bayanta ku ga kwanan wata don tana tsufa, daga shekara 5 zuwa 10 ta gama aiki. Kar ku sayi marar suna a intanet don rangwamen dala biyar. In ta yi ƙara kowa ya fita waje tukuna sannan a kira 911, ba a tsaya cire batir.

Ɗalibi daga Winnipeg: "Anti in na sayi babban batirin nan irin Jackery zai riƙe min hita dare ɗaya?"

Ba zai riƙe ba ɗana. Hita na jan wat 1,500, batirin mai wat-awa 1,000 ko minti 40 da ƙyar zai kai, ka ga ka zubar da ɗaruruwan daloli a banza. Amfaninsa waya, kwamfuta, fitila, sai bargon lantarki da baya jan wuta sosai. Da kuɗin ɗalibi gara ka sayi jakar barcin nan ta masu kwana a daji da dogon wando na ciki da safar ulu.

Wata kuma ta ce ta ga fawa bank mai 100,000 mAh a dala 15, ta saya?

Haba Hajiya. Ke da kika san kasuwar waya a gida kin san amsar. Ƙarya ce aka buga a kwali, kuma irinsu ne ke kumbura su kama da wuta. Nemi 20,000 na kamfanin da aka sani kamar Anker, zai cika miki waya sau uku zuwa huɗu, ya isa.

Daga Montreal, wani baba yana tambaya a kan naman da ya cika firiza da shi, rago guda ya yanka, in wuta ta tafi fa?

Baba kar a buɗe kawai. Firiza a cike tana riƙe sanyi kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya, firij kuma awa 4 ne. Ku da kuka ga ruwan ƙanƙarar Afrilun 2023 kun san abin na iya wuce haka, toh idan ya wuce a zuba naman a kula mai murfi a ajiye a baranda inda rana bata bugawa, muddin sanyin waje na ƙasa da sifili. Wanda ya narke ya ɗau ɗumi a zubar, na san da ciwo amma kar a ce za a soya a gani.

Na ƙarshe, ƙanwata ta Buffalo da ke tambaya ko za ta iya zama cikin mota ta ɗumama in gida ya yi sanyi. Za ki iya in motar na waje, banda gareji, kuma kafin ki tayar ki zagaya baya ki share ƙanƙarar da ta toshe bakin salansa, in ba haka ba hayaƙin ciki zai dawo. Ki sauke gilashi kaɗan, ki kunna kamar minti goma a kowace awa, tankin mai kuma kar ya sauka ƙasa da rabi daga nan har watan Maris.