Mai sayar da "dokin tabbas" a WhatsApp, da iyakar abin da furogaram ke faɗa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan tireda ne a Maraɗi. Na daɗe ina bin sukuwar Faransa ta PMU, kamfanin cacar tseren dawakai, ina sayen furogaram, takardar jerin dawakan tsere, na kuma iya karanta mizik ɗin doki, wato lambobi da haruffan da ke nuna matsayin da ya zo a tserensa na baya, daidai gwargwado. Amma a kinte, wasan zaɓen dawakai biyar da za su zo na farko, kullum sai in samu uku cikin biyar, wani lokaci huɗu, na biyar ya kuɓuce. Kwanan baya aka saka ni a rukunin WhatsApp na wani mutum da ya ce yana da ɗan'uwa mai aiki a bargar Vincennes, filin tsere na birnin Paris. Ya ba mu doki ɗaya kyauta, ya kuwa zo na ɗaya. Sai na biya jika goma na shiga rukunin manya. Tun ranar ban ci ko dala ba, kuma kuɗin da nake zubawa jarin shago ne, maigidana da ke ba ni kaya bashi bai sani ba. Yanzu mutumin ya ce in ƙara jika ashirin da biyar, wai akwai tseren ranar Lahadi da an riga an gama shi. Malam, barci ya ƙaurace mini. Da gaske ana gama tsere kafin a yi shi? Kuma me zan duba a takarda in gane dokin da zai ci?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kar ka tura kuɗin nan. Ko ba ka karanta sauran amsar ba, riƙe wannan.

Bari in fara da takarda, tunda ita ce mai sauƙi. Ka ce ka iya karanta mizik, don haka ba sai na tsaya fassara maka haruffa ba. Inda yawancinku ke tuntuɓe shi ne kuna karanta lambar, ba ku tambayar inda aka samo ta. Dokin da ya zo na ɗaya a ƙaramin filin ƙauye, cikin dawakai bakwai marasa ƙarfi, bai kai wanda ya zo na biyar a babban filin Longchamp na Paris cikin manya ba. Mizik ba ya nuna maka wannan, sai ka koma ka duba tseren kansa: su wa ya kara da su, mita nawa aka yi, tazarar nawa aka ba shi.

Sannan yawancin tseren fili da ake ɗora kinte a kansu na daidaita nauyi ne. Akwai jami'in da aikinsa ke nan, ya ƙara wa mai ƙarfi kilo, ya rage wa mai rauni, burinsa duk su iso layi kai da kai. To dokin da ka ga 1p 1p a gaban sunansa, wato ya zo na ɗaya sau biyu a tseren fili, ka san an riga an ɗora masa ladan cin da ya yi. Ni na fi kallon wanda ya yi ta zuwa na huɗu, na shida, nauyinsa yana sauka a hankali, yau kuma aka dawo da shi nisan da ya saba, a kan irin ƙasar da yake so. Ƙasa ba ƙaramin abu ba ce. Akwai dokin da in an yi ruwa fili ya yi taɓo sai ka ce ba shi ba, akwai wanda taɓon ne abincinsa. A tseren sassarfa kuwa, irin na Vincennes, ka ƙirga yawan Da, alamar kora daga tsere, a tarihinsa, domin dokin da ya saba ɓallewa da sukuwa ana korarsa, komai gudunsa, jarinka yana kan tsini. Ka duba ko an ja shi baya mita 25 saboda yawan kuɗin da ya ci. Ka duba takalmi: mai horarwa kan bar doki da ƙarfensa a tseren share fage, ran da yake nufin cin gaske ya cire duka huɗu. Babban zagayen Vincennes yana da gangara, yana da hawa, kuma a hawan nan ne dokin da ba shi da numfashi ke tona kansa.

Daidaita nisa da horon doki ba fasahar Turawa ba ce. Hadisin Ibn Umar yana cikin Bukhari: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa dawakin da aka horar suka yi tsere daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ.

Duk wannan da na lissafa, amfaninsa ɗaya: ya taimake ka ka fitar da dawakin da da wuya su yi wani abu. Cikin sha shida ka iya zubar da shida ko bakwai da hujja. Sauran tara ko goman, kowanne na iya cin tseren. Takarda ba ta wuce nan, kuma duk wanda ya ce maka tasa ta wuce, ƙarya yake.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, maganar "dokin tabbas". Kusan kullum sai na ji ta, daga ɗan kabu-kabu, daga malamin makaranta, har daga mutanen da in ka ga rawaninsu ba za ka zaci suna leƙa kiyos ɗin LONANI, kamfanin cacar gwamnatin Nijar, ba. Wai akwai wani can a Faransa da ya san sakamako, ya rasa wanda zai faɗa wa duk duniya sai ɗan tireda a Maraɗi, a kan jika goma.

Ka tsaya ka yi tunanin yadda PMU ke biya. Ba kamfani ne ke yanka farashi ya ce in ka ci ga abin da zan ba ka ba. Kuɗin 'yan wasa ake tarawa wuri ɗaya, kamfani da gwamnati su cire nasu tun kafin dawakai su tashi, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Akushi ɗaya ne na tuwo, an riga an yanke malmalar mai gida, kuma duk hannun da ya ƙaru loma ce ta ragu. To mutumin da ya san dokin da zai ci da gaske, me zai sa ya gayyato hannu ɗari biyar cikin akushin da zai ci shi kaɗai? Duk wanda ya faɗa wa, rabonsa ya rage. Sirrin gaske ɓoye shi ake yi, ko matar mutum ba ta ji. Wanda ya fito yana tallar nasa, ya san ba daga doki abincinsa ke fitowa ba, daga aljihunka ne. Hausawa sun gama magana: in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Wanda ya san sakamakon Lahadi ba ya roƙon jika ashirin da biyar ranar Alhamis.

Za ka ce ai ya ba ku doki kyauta ya kuma ci. Wannan tsohuwar dabara ce, ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba. Mutum ya buɗe rukuni goma sha shida, ko ya raba lambobin waya kashi goma sha shida, kowane kashi ya ba su doki daban a tsere ɗaya mai dawakai sha shida. Dole ɗaya ya ci. Kashi goma sha biyar da suka faɗi ya share su, ko ya ce musu an samu matsala a barga. Kashin da ya dace, wato ku, sai ku ga waliyyi. Wasu ma ba sa wahalar da kansu haka, dokin da kowa ya fi zuba wa kuɗi suke ba ku, wanda ko yaron da ke sayar da furogaram ya san shi. Irin wannan doki yana cin kusan tsere ɗaya cikin uku, a manyan tseren daidaita nauyi ma bai kai haka ba. Ma'ana ko mahaukaci ya riƙa faɗin sunansa kullum, zai riƙa dacewa jefi-jefi. Hotunan tikitin da ya ci da yake watsa muku fa? Ka taɓa ganin ya watsa ɗaya kafin a tashi tsere? Koma ka duba rukunin da idon basira, ka ƙirga saƙonnin da aka goge bayan an sauka.

Da gaske ana murɗe tsere? An taɓa yi. A 1973 an yi badaƙala a filin Auteuil na Paris, a tseren Prix Bride Abattue, har aka tuhumi mahaya da dama. Amma yadda aka zuba kuɗi a kan wasu dawakai ƙalilan ne ya ja hankalin hukuma, asiri ya tonu. Wato ko waɗanda suka yi abin da hannunsu, yawan tikiti ne ya kashe su. Yau ga kyamara a kowace kwana, ga alƙalan fili, ga gwajin jini da fitsari bayan tsere. A ce duk an tsallake wannan, sannan a ɗauki sirrin a saka a rukunin mutum ɗari uku, kowa na turawa abokinsa? Haba ƙanena.

Kuma ko ba murɗiya, ko masu dokin kansu ba su da tabbas. Dokin nan Ourasi ya ci Prix d'Amérique, babban tseren sassarfa na Vincennes, a 1986, 1987 da 1988. A 1989 duk Faransa ta gama yarda zai ci na huɗu a jere, ya zo na uku. Sai a 1990 ya rama. Goɗiyar nan Enable ta ci Prix de l'Arc de Triomphe a 2017 da 2018, a 2019 duniya ta taru a Longchamp don ganin ta kafa tarihi da ci na uku, ta shiga gaba, ƙasa ta yi laushi saboda ruwa, Waldgeist ya zo ya wuce ta dab da layi. A 2021 wani dokin Jamus, Torquator Tasso, wanda ake biyan sama da 70 a kan 1 in ya ci, shi ya lashe wannan tseren. Waɗannan dawakai ne da likitoci ke kwana a kansu, masu horar da su sun san numfashinsu kamar na 'ya'yansu, amma ranar tsere suna tsaye a gefe gabansu na faɗuwa kamar kowa. Doki dabba ce. Yau ya tashi da ciwon ciki, gobe wani ya tare masa hanya a kwana, jibi mahayi ya saki linzami da wuri. Su kuma masu kai wa boka mafarki ya fitar musu da lamba, ko masu ɗaukar lambar motar da ta yi hatsari, ba ni da abin ce musu sai Allah ya shirya.

Sai maganar uku cikin biyar da huɗu cikin biyar, domin na lura ita ce igiyar da ta ɗaure ka tun kafin mayaudarin nan ya zo. Kana ganin saura ƙiris. Ɗauki alƙalami. Tseren dawakai 16, hanyoyin da biyar na farko za su iya fitowa, ba tare da kula da jeri ba, 4,368 ne. In ana son jeri daidai, 524,160. Wanda ya rufe ido ya zaɓi biyar, cikin waɗancan 4,368 ɗin, 550 za su ba shi uku daidai, 55 su ba shi huɗu, guda ɗaya tak ta ba shi biyar. Wato makaho ma yana samun uku cikin biyar kusan sau ɗaya a wasa takwas. Tsakanin huɗu da biyar ba taki ɗaya ba ne, ninki hamsin da biyar ne. Wannan "saura ɗaya" da ke hana ka barci, haka aka gina wasan ya riƙa ba ka ita, don ka dawo gobe.

Ni mai son doki ne, ba na ɓoyewa. Sukuwa halal ce, kyautar da ake ba dokin da ya ci ma shari'a ta yarda da ita. Amma 'yan kallo su tara kuɗi, wanda ya dace ya kwashe na sauran, wannan caca ce, ko an kira ta tiyarse (zaɓen dawakai uku) ko kinte, ko da tambarin gwamnati a kan tikitin. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta da giya, ta 91 ta faɗi abin da take haifarwa, gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Kai kanka shaida ne, tunda ga shi kana ɓoye wa mutumin da ya yarda da kai ya ba ka kaya. Kuma kuɗin ma ba naka ba ne, amana ce. Mafi munin shawarar da zuciya ke ba mai caca ita ce ya ƙara zubi don ya mayar da abin da ya tafi, kuma a daidai wannan gaɓar mutumin naka ya tsaya yana jiranka, shi ya sa farashin ya tashi daga goma zuwa ashirin da biyar. In ka biya, Lahadi dokin zai faɗi, Litinin a ce maka mahayi ne ya ci amana, akwai wani na jika hamsin.

Fita daga rukunin yau, ka toshe lambar, amma ka adana hotunan saƙonninsa da shaidar kuɗin da ka tura, ko za ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Kar ka sa rai jika goman za ta dawo. Zauna ka ƙirga kayan shago da abin da ake bin ka, ka sami maigidanka da lissafin a hannu tun giɓin yana ƙarami, ku tsara yadda za ka biya. Zai yi faɗa, amma ya fi ya gano da kansa.

In kuma nazarin dawakin ne ke ba ka sha'awa, ba wanda ya hana ka. Sami littafi, kullum ka rubuta zaɓinka kafin a tashi tsere, ka rubuta kuɗin da da ka zuba, ba tare da ka zuba ko dala ba. Bayan an sauka ka rubuta abin da da an biya ka. Kar ka tsallake ranar da ka faɗi, kar ka gyara lamba bayan ka ji sakamako. In wata biyu sun cika, haɗa jimillar ɓangarorin biyu ka turo mini.