Fada, kotu, da bakin alƙalamin da ya bushe

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun taru min, kuma abin mamaki kusan rabinsu a kan shari'a ne da sarauta, toh bari in haɗa su wuri ɗaya tunda dama 'yan gida ɗaya ne. Wanda ban taɓo tasa ba ya yi haƙuri.

Na farko wani ɗalibi ne mai koyon fassara, ya ce: "Malam na ci karo da kalmar court a wani rubutun tarihi na fassara ta da kotu, malaminmu ya ja min jan biro ya ce fada ce. Ya za a yi kalma ɗaya ta zama kotu kuma ta zama fada?"

Ɗana malaminka ya yi gaskiya, amma kai ma ba wauta ka yi ba. Kalmar ta shiga Turanci daga Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, kuma asalinta farfajiya ce kawai, fili da aka kewaye, shi ya sa har yau filin wasan tanis ma da ita suke kiransa. Daga farfajiya ta koma gidan sarki, daga gidan sarki ta koma mutanen da ke kewaye da shi wato fadawa, daga nan ta zama wurin yanke hukunci, don a da ai inda sarki ya zauna nan ne kotu, ba wani gini daban. Matsalar kuma sarakunan Ingila na wancan zamanin ba sa zama wuri ɗaya, yau suna nan gobe sun tsallaka teku, mai ƙara sai dai ya ɗaura sirdi ya bi bayansu. Akwai wani bawan Allah Richard na Anstey da ya yi shari'ar gadon kawunsa daga 1158 zuwa 1163, ya yi ta bin Sarki Henry na 2 har cikin Faransa, kuma mutumin kirki ya zauna ya rubuta duk abin da ya kashe, har dawakan da suka mutu masa a hanya da bashin da ya ci da ruwa. Ya ci shari'ar daga ƙarshe, amma fa ya ji a jikinsa. Irin wannan wahalar ce ta sa a 1215 lokacin da manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a takardar nan Magna Carta, aka saka a ciki cewa ƙararrakin jama'a su daina bin fada, a riƙa sauraronsu a tsayayyen wuri. Ka ga an raba gidan amma sunan bai rabu ba.

Mu Hausa ta huta da wannan ruɗanin tunda fada tamu ce tun da, kotu kuma aro ce daga bakin Bature, kowacce da mazauninta. Idan rubutun yana maganar sarki da muƙarrabansa da 'yan tsegumin da ke raɗa masa a kunne, fada ce. Idan akwai mai ƙara da wanda ake ƙara, kotu ce. Idan kuma sarkin ne da kansa yake sauraron ƙarar, ni sai in bar ta a fada, in ƙara da cewa zaman shari'a ake. A tarihin Musulunci ma akwai irin wannan zama na musamman da ake kira mazalim, inda talaka ke kai ƙarar gwamna ko wani mai ƙarfi gaban sarki kai tsaye, kuma in ka saurara da kyau za ka ji saiwar kalmar ɗaya ce da zalunci da azzalumi.

Af, tunda muna kan fada, don Allah masu rubutu a waya ku riƙa tausaya mana da ƙugiya. Fada ta sarki da d ce mara lanƙwasa. Faɗa na rigima, da faɗa na magana, da faɗa na faɗawa rijiya duk da ɗ ne. Na taɓa karanta "an yi fada a fada" na tsaya ina kallonta kamar minti ɗaya.

Sai wata baiwar Allah da ta ce ita da mijinta sun yi musu, ita ta ce alƙali daga alƙalami aka samo shi tunda aikinsa rubutu ne, shi ya ce a'a. Wa ya fi gaskiya?

Hajiya ki yi haƙuri, wannan karon maigida ya ci. Kamar da kika ji a kunne ce kawai, biri ya yi kama da mutum. Alƙalami daga al-ƙalam ne na Larabci, alƙali kuma daga al-ƙadi, da harafin nan mai nauyi da almajirai ke kira lodi. Kuma wannan harafin kusan duk inda ya shigo Hausa ta tsohuwar hanya sai ya rikiɗe ya zama l, duba alwala, farilla, lamiri, lamuni, larura, har sunaye irin su Murtala da Ramalan. Ba mu kaɗai muka ji shi haka ba, mutanen Sifaniya ma da suka ari kalmar sai suka ce alkalde, yanzu magajin gari suke kira da ita. Alƙalin alƙalai kuma da kike ji fassara ce ta ƙadil ƙudati, muƙamin da aka fara bai wa Abu Yusuf almajirin Imam Abu Hanifa a zamanin Haruna Rashid a Bagadaza.

Ku lura da wani abu da yake ba ni sha'awa. Kalmomin hukunci kansa kusan duk Larabci ne, shari'a, hukunci, hujja, shaida, diyya, haddi, iƙirari. Kalmomin zirga-zirga da takardu kuwa Turanci ne da muka lanƙwasa, lauya, sammaci, beli, rajista, fayil, majistare, joji, afil. Ita kuwa ƙara, wadda ita ce tushen komai, tamu ce, kuma ba ta rabu da ƙara ta ihu ba, mutum ne aka taka ya ɗaga murya, shi ya sa ake cewa ya kai kuka. In aka je gaba ma sai mu ce an ɗaukaka ta.

Amma Hajiya ba ki tashi a tutar babu ba, don akwai inda alƙali da alƙalami suka haɗu, a cikin maganar nan ta bakin alƙalami ya bushe. Ma'anarta an gama, aikin gama ya gama, roƙo ko kamun ƙafa ba zai canza komai ba. Salon maganar ya yi daidai da lafazin hadisin da ke cewa an ɗauke alƙaluma takardu sun bushe, a can ƙaddara ake nufi, mu kuma muka faɗaɗa ta zuwa duk hukuncin da aka riga aka zartar. Hoton a fili yake ga duk wanda ya taɓa rubutu da tawada, in da danshi kana iya sa yatsa ka goge, in ta bushe sai dai kankara, kankara kuma tana barin tabo kowa ya gani. Tunanin tsoho ne ƙwarai. A dokokin Hammurabi sarkin Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda aka tono dutsen da aka sassaƙa su a kai a Susa ta ƙasar Iran a 1901, doka ta 5 cewa ta yi alƙalin da ya yanke hukunci ya rubuta ya buga hatimi sannan ya dawo ya canza, zai biya ninki 12 na abin da ake shari'a a kai kuma a sauke shi daga kujera ba zai sake hawa ba. Sai dai kar a ɗauka bushewar alƙalami na nufin alƙali ya kafe a kan kuskure, a wasiƙar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari an ja kunnensa cewa hukuncin da ya yi jiya kar ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Abin da ake gudu shi ne gogewar dare, wadda ake yi bayan wani ya shigo ta ƙofar baya.

Wani kuma da alama ransa a ɓace yake ya ce: "Malam anya karin maganar nan ta shari'a saɓanin hankali ba saɓo ba ce? Ya za a ce shari'ar Allah ta saɓa wa hankali?"

Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Shari'a a bakin Bahaushe tana da fuska biyu, akwai Shari'a dokar Allah, akwai shari'a ta zaman kotu, irin wadda ake cewa ina da shari'a ranar Litinin, ko an ɗage shari'ar. Ta biyun ake nufi. Abin da karin maganar ke cewa shi ne alƙali ba da abin da kowa ya sani yake hukunci ba, da abin da aka tabbatar a gabansa yake yi. Duk duniya na iya sanin kuɗin naka ne, in ba shaida ba takarda, wancan ya rantse ya tafi. Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne na Sayyidina Ali da sulkensa, an ruwaito ya gan shi a hannun wani wanda ba musulmi ba suka je gaban Alƙali Shuraihu na Kufa, aka nemi shaidu, cikin waɗanda ya kawo har da ɗansa, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, sulke ya zauna a hannun wancan. Halifa ne fa sukutum, kuma ba mai shakkar gaskiyarsa, amma ya faɗi a kotu. Wannan shi ne saɓanin hankalin. Ƙanwarta ita ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, ita wannan gargaɗi ce ga mai cika baki tun kafin a zauna. Na fi son ta biyun gaskiya, ta fi tausayi.

Ta ƙarshe ita ce ta fi min daɗi, wani ma'aikacin kotu ne ya tambayi asalin magatakarda da muhuti, kuma wai me ya sa ake wahalar da su da rubuta komai.

Magatakarda ma-ga-takarda ne, mai ganin takarda, gininsa ɗaya da maciamana da majaciki. Muhuti kuma muftin Larabci ne, mai ba da fatawa, amma da ya shigo Hausa sai ya sauko daga kan mumbari ya zama mataimakin alƙali mai riƙe masa littafi. Ita kanta takarda masana da dama sun bi sawunta ta hannun Buzaye har zuwa karta ta Latin, wato kalmar da ke cikin Magna Carta ɗin da muka ambata ɗazu, kai duniya da faɗi take amma ƙarama ce.

Batun wahala kuwa, ranka ya daɗe ai kai ne kotun. Mu kan ce magana zarar bunu, in ta fita ba ta komawa, gaskiya ne ba ta komawa amma ana musunta ta. Masu tarihin alƙalan Masar sun kawo cewa Sulaimu ɗan Itir, alƙalinta a zamanin Mu'awiya, ya raba wa wasu magada gado, bayan an kwana biyu suka dawo suna musun abin da ya yanke, sai ya sake yanke hukuncin, wannan karon ya rubuta ya sa shaidu, kuma shi ake lissafawa na farko da ya yi haka a can. Sunan irin wannan kundin sijilli, mahaddata sun san kalmar a aya ta 104 ta Suratul Anbiya inda aka kwatanta naɗe sama da naɗin sijilli. Naɗi fa aka ce, don takardun zamanin da naɗe su ake kamar tabarma, a Ingila ma kundin shari'o'in da suka tsira tun daga 1194 a fatun tumaki aka rubuta su ana naɗewa, har yau ɗaya daga manyan alƙalansu laƙabinsa mai kula da naɗaɗɗun takardu. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta bar dubban irin waɗannan sijillai, na birnin Bursa sun faro tun ƙarni na 15, kuma in ka buɗe ba labarin yaƙi za ka gani ba, wata ce ta zo neman sadakinta, wani ya mutu an lissafa kayansa har tukunya da katifa, maƙwabta na rigima a kan katanga. Mutanen da ba mawaƙin da ya taɓa wasa su, ta hannun irinka kawai aka san sun taɓa rayuwa.

Na taɓa tsayawa shaida sau ɗaya, ina ta zuba bayani kamar an kunna rediyo, sai lauya ya ɗan taɓa ni ya ce Malam kalli hannun alƙali. Na duba, ashe da hannu yake rubutawa, biro na tafiya a hankali, ni na kai ƙarshen labari shi yana kan layi na biyu. Duk abin da na faɗa biron bai kama ba ya bi iska. Daga nan na koma ina yin jimla ɗaya in jira.

Fada ma tana da nata marubutan, kuma su nasu ya fi haɗari tunda wanda suke rubutawa a kansa yana iya sa a sare su. Babu inda aka kai wannan aiki nesa kamar Koriya zamanin gidan sarautar Joson, kundinsu ya ɗauki shekara 472 daga 1392 zuwa 1863, sarakuna 25, juzu'i 1,893, kuma ƙa'ida ce sarki ba ya karanta abin da aka rubuta a kansa. Marubutan suna biye da shi ko'ina da tawadarsu. A 1404 Sarki Tejon ya fita farauta doki ya kayar da shi, ya tashi ya waiga hagu da dama ya ce kar a bari marubuta su sani. Sai suka rubuta faɗuwar, suka kuma rubuta cewa ya ce kar a bari su sani.