Wane tsawon sandar jagora ya dace da zartona?

Tambaya: Malam, ni kafinta ne a unguwar Na'ibawa da ke Kano, kuma na sayi zarton lantarki mai nutsewa cikin katako daga sama. Wane tsawon sandar jagora zan saya, wato sandar alminiyam da zarton yake bi a kanta don yanka ya miƙe, kuma me zan haɗa da ita?

Amsa: Malam, faifan filawud da kake yankawa shi ne ma'auninka, domin faɗinsa milimita 1220 ne, tsawonsa kuma 2440. Dole sandar ta zarce wurin yanka ta kowane ɓangare, saboda zarton yana buƙatar inda zai zauna kafin ya nutse da inda zai fita. Don haka mai milimita 1400 ta isa yankan faɗi, amma yankan tsawo sai mai 2700 ko 3000.

A ganina ka sayi masu 1400 guda biyu da ƙarfen haɗi, ka samu 2800. Sanda mai mita 3 ta fi miƙewa, amma shigar da ita adaidaita sahu wahala ce, kuma alminiyam idan ya lanƙwashe ya gama aiki. Duk lokacin da ka haɗa biyun, ka gwada mahaɗar da miƙaƙƙen abu kafin ka ɗaure kusoshin.

Ka ƙara da maƙalai biyu masu matse sandar, domin ƙurar hunturu tana rage kamun robar ƙasanta. Robar gefe mai hana tsagewar katako kuwa, yankan farko ne yake daidaita ta da zartonka, kuma ana sauya ta idan ta cinye.